Mai Rubuta Mana Takardar Neman Tallafi: Albashin Wata Ko Kamasho?



Duk wadda ta taɓa zama a ƙungiyar mata a Kankia ko Kusada ta san cewa tallafi ba ya zuwa da fatar baki. Tun zamanin shirin Fadama III na Bankin Duniya, har zuwa NG-CARES da ya fara a 2021, ƙa'idar ɗaya ce: sai ƙungiya ta yi rajista, ta rubuta buƙatarta da kasafin kuɗinta. Galibinmu masu ƙuli-ƙuli, ɗinki da kiwo ba mu iya wannan rubutu ba, sai mu nemi wata 'yar boko ko wani ɗan unguwa mai kwamfuta ya yi mana. To, yaya za mu biya shi? Mu yanka masa albashi duk wata, ko mu ce in kuɗi ya fito ya ɗauki kaso?

Da yawa sun fi son na biyun. Hujjarsu ita ce asusun ƙungiya kuɗin adashi ne da gumin marayu da zawarawa, me zai sa a ba wani alhali ba a ga ko sisi ba? Wannan magana tana da nauyi, ba a raina ta. Amma mu duba abin da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid. A can an bambanta ijara da jinga. Ijara tana halatta idan an yanke lokaci an kuma faɗi lada. Jinga kuwa ba a sa mata wa'adi, mai ita ba ya samun komai sai ya gama aiki, kuma malamai sun sharɗanta ladan ya zama sananne. Yanzu in muka ce "kashi 10 cikin 100 na duk abin da aka ba mu", nawa ke nan? Ba wadda ta sani. Mun ɗora haƙƙin mutum a kan abin da ba ya hannunsa, domin shi rubutu ne nasa, amincewa kuwa ta wasu ce a Katsina ko Abuja.

Akwai ɓarna ta biyu wadda ta fi wannan tsoratar da ni. Kuɗin tallafi amana ne, an ba da shi don injin niƙa ko keken ɗinki, ba don kamasho ba. Ta ina za a cire kason marubuci? Sai dai a ƙara farashin inji a takarda, ko a rubuta mambobi 40 alhali mu 25 ne, ko a sayo rasit na ƙarya. Wanda cikinsa ya rataya a kan girman kuɗin, shi ne zai fara ba da wannan shawara. Shi ya sa ko a Amurka ƙungiyoyin masu wannan sana'a suka haramta wa mambobinsu karɓar kaso. Abin da su suka gano da gwaji, mu addininmu ya riga ya gaya mana.

Don haka ni a ganina albashin wata ya fi kusa da adalci, amma da sharaɗi, kada ya zama cin bulus. A zauna a rubuta, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koya mana rubuta bashi da kafa shaidu. A faɗi kuɗin kowane wata da ranar biya. A faɗi aikin: takardu nawa zai rubuta, shin bibiya a sakatariyar ƙaramar hukuma da rahoton bayan an karɓi kuɗi suna ciki? Kuɗin mota zuwa Katsina da na buga takardu a kan wa suke? A sa wa'adi, ko wata 3 ko 6, sannan a sake zama. Wanda zai janye ya ba da sanarwar wata guda. Takardar rajista da lambobin asusu kuma na ƙungiya ne, su zauna a hannun sakatariya, ba a jakar marubuci ba.

In wata ya ƙare tallafi bai zo ba, amma ya yi aikin da aka yi alkawari, a biya shi ba tare da gori ba. Mai ƙodago a gona ba a hana shi ladansa don damina ta yi gardama. Shi ma ya ji tsoron Allah: watan da bai taɓuka komai ba, kuɗin nan ba halalinsa ba ne, ko da ba wadda ta gane.

Ƙungiyar da ba ta da ƙarfin albashi fa? Ta yi jinga a kan takarda ɗaya da kuɗi sananne, ko ƙungiyoyi biyu ko uku su haɗu su ɗauki mutum ɗaya. Mafi alheri ma, mu tura 'ya'yanmu mata da suka gama sakandare su koyi wannan aiki.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya sa albarka a ɗan abin da muke juyawa. Wassalam.