Ɗan Ibro da Haƙƙin Mai Ba Mutane Dariya



Ranar 10 ga Disamba 2014 Allah Ya yi wa Rabilu Musa, wanda duniya ta sani da Ɗan Ibro, rasuwa a Kano yana da shekara arba'in da 'yan kai. Shekaru sun ja, amma har gobe in ka bi ta teburin mai shayi da daddare, ko ka leƙa wayar wani yaron shago, za ka iske shi da jar hularsa yana zazzare ido, mutane na riƙe ciki. Tambayar da muke son mu ɗan tauna ita ce: mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana ba jama'a dariya, sana'a ya yi ko shashanci? In sana'a ce, ina iyakarta, kuma me yake bin waɗanda suka yi dariyar?

Ba Ibro ne ya ƙago abin ba. Tun kafin bidiyo ƙasar Hausa tana da 'yan kama. Ɗan kama zai tsaya tsakiyar kasuwa shi da bakinsa da takobinsa na katako, ya gyara murya kamar malami zai buɗe karatu, sai ka ji duk karatun tuwo ne da miya da fura. A fada akwai wawan sarki, mai faɗin abin da waziri ba ya iya faɗa. Da rediyo da talbijin suka zo aka samu Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, da Hausarsa ta barikin soja, da Kasimu Yero, sannan a nan Jos muka samu namu, Karkuzu na Bodara. Abin da Ibro ya yi shi ne ya ɗauko ɗan kaman nan na kasuwa ya saka shi a kaset, ya shigar da shi ɗakin kowace amarya daga Kano har Maradi da Kumasi. Yaron ƙauyen Ɗanlasan ne a ƙaramar hukumar Warawa, ya yi wasu shekaru yana aikin gandiroba kafin ya ajiye kaki. A kansa finafinan da ake kira camama suka tsaya da ƙafafunsu, har ya zama sunansa kaɗai a bayan kwali ya isa a sayar da kaya. Mu 'yan kasuwa mun san abin da wannan ke nufi. Su Bosho da Daushe da Baba Ari da Naburaska duk ta ƙofar da ya faɗaɗa suka samu wurin zama.

Me ya sa aka so shi haka? A ganinmu don bai taɓa fitowa a matsayin wanda ya fi mai kallo ba. Kullum shi ne talakan da yunwa ta koya wa wayo, mai ƙaryar arziki gaban budurwa, mai cika baki da jarumta wanda in an ce kule sai ya riga kowa tsallake katanga. Wayonsa kuma a kansa yake ƙarewa. Mai kallo yana dariya ne don ya gane mutumin: maƙwabcinsa ne, ko ƙanen babansa, wani lokaci ma, in zai faɗi gaskiya, shi ne da kansa. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. Malami zai yi sa'a guda yana bayani kan kwaɗayi, mutane su watse kowa na tunanin da wani ake. Ibro zai miƙa hannu cikin kwanon da ba a gayyace shi ba, a doke hannun, cikin minti biyu saƙon ya isa.

To amma addini fa? A nan ne wasu 'yan'uwanmu suke yanke hukunci da wuri, su ce ai duk wasan banza ne. Mu dai abin da muka karanta a gaban malamanmu na Islamiyya bai zo da wannan tsaurin ba. Annabi (SAW) yana yin raha, sai dai ba ya faɗin abin da ba gaskiya ba. Cikin sahabbai akwai Nu'aimanu ɗan Amru, wanda ya halarci Badar, kuma an san shi da tsokana da ban dariya. Akwai wani ma mai suna Abdullahi da ake wa laƙabi da Himar, yana ba Annabi dariya, aka sha kawo shi ana masa haddi kan giya. Ranar da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. Bukhari ne ya ruwaito. Ku lura da kyau: an yi masa haddin laifinsa, ba a soke shi don yana ba da dariya ba, ba a kuma yarda a fitar da shi daga cikin mutane ba.

Sai dai akwai hadisin da ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ke shara ƙarya don mutane su yi dariya, kuma Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Na farkon, fahimtarmu ita ce wanda ya zauna kallon wasa ya san wasa ne, babu wanda aka yaudara, ko da yake mun san akwai malaman da ba su sassauta ba, kuma ba mu raina hujjarsu. Na biyun shi ne inda gizo ke saƙar, musamman gare mu mazauna Jos.

Finafinan camama sun cika da kwaikwayon harshen wasu: Bagwari mai karya Hausa, Bafillatanin daji da bai san gari ba, Inyamuri mai son kuɗi. A Kano ana iya kallon wannan a yi dariya a tashi, don wanda ake kwaikwayo yana nesa. Mu nan katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Birom da Ngas da Afizere da Ibo su ne abokan cinikinmu a Taminus, 'ya'yansu na aji ɗaya da namu. Garin da ya ga Satumbar 2001, ya ga Nuwambar 2008, ya ga Janairun 2010, ya san cewa kafin a ɗauki adda an daɗe ana raina juna da baki. Yaron da ya tashi yana jin cewa duk mai karya Hausa sakarai ne, ranar da ya kwaikwayi maƙwabciya a gaban 'ya'yanta ba za su ji wasa ba.

Za a ce ai muna da wasan barkwanci tun kaka da kakanni: Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa. Haka ne. Amma barkwanci yana da sharaɗi, shi ne ramuwa. In Babarbare ya tsokani Bafillatani, Bafillatanin yana nan tsaye, zai mayar masa da wadda ta fi ta zafi, su tafa, wataƙila ma a rabu da kyautar goro. Wanda aka kwaikwaya a kaset ba shi da bakin ramawa. An yi dariya a kansa, ba tare da shi ba. Inda Ibro ya fi ƙarfi shi ne inda ya mai da kansa abin dariya, ko ya taɓa mai iko. Inda ya fi rauni shi ne inda ya bi sauƙi ya taɓa wanda ba ya wurin. Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: ɗan kasuwa ba ya sake saro kayan da ba su fita.

Abin lura, ba a taɓa kama shi don ya kwaikwayi Bagwari ba. Fim ɗin Ibro Usama ya jawo masa fushin malamai a lokacin da sunan Usama bin Ladan ke bakin kowa. A 2008 kuwa, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Kano, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu kan batun rajistar kamfani da fim ɗin Ibro Aloko. Mutanen gari da yawa sun ɗauka waƙar Mamar da ke ciki ce ainihin laifin, don ana ganin shaguɓe ce ga gwamna. Tsohon gandiroba sai ga shi a cikin fursunoni. Ba kuma a kansa abin ya tsaya ba: a Nuwambar 2022 wata kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin saboda sun taɓa Gwamna Ganduje. Wato dariyar da ta hau sama ita ake hukuntawa, wadda ta sauka kan mara ƙarfi kuwa ko tari ba a yi. Mu a ma'auninmu da an juya lissafin da ya fi kusa da adalci, ba don cin mutuncin shugaba halal ne ba, sai don shi shugaba yana da 'yan sanda da lauyoyi da gidan rediyo, ita kuwa mai sayar da gwate a bakin titi ba ta da kowa.

Saura maganar haƙƙi. Akwai wani hali da ke tsakanin mutanenmu wanda ba ya mana daɗi. Mutum zai kwashe shekara ashirin yana dariyar ɗan wasa, ranar da baƙin ciki ya ishe shi ma kaset ɗinsa zai saka, amma in ɗan wasan ya aiko neman auren 'yarsa sai ya ce Allah Ya kiyaye, ɗan iska ne. In abin da yake yi ƙazanta ne, me ya kai ka sha? In kuwa ka sha ka ji daɗi, da wane baki kake zagin mai rijiyar? Haka aka yi wa makaɗa. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a Yunin 2015, da kuntiginsa ya kai sunan garin nan ƙasashen da gwamnoni ba su kai shi ba, amma har ya koma ga Allah akwai masu cewa ai maroƙi ne.

Ga kuma kuɗi. Shekarun da Ibro ke tashe su ne shekarun da masu satar fasaha ke buga faifai ba izini, ana zuba su a baro ana sayarwa a kowace tasha. Wanda ya saya ya san ba na asali ba ne, arha ya bi. Wannan a fiƙihun ciniki ba ya buƙatar dogon bincike, cin gumin wani ne. Karkuzu, da ya ba iyayenmu da mu dariya tun talbijin na gidan mai unguwa kaɗai, ya tsufa a cikin garin nan idonsa ya tafi, sai da aka yi ta yaɗa halin da yake ciki kafin ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Ya rasu a watan Maris na 2025. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Rabilu Musa, Ya yafe musu kurakuransu.