Alƙalamin Gamba a Ɗakin Mai Zaman Kaɗaici

Mutumin da aiki ko karatu ko ci-rani ya kai wani gari, ya kama ɗaki shi kaɗai a Abuja ko Legas ko Yamai, yana da wani lokaci da mai iyali bai cika samu ba, wato tsakanin sallar isha'i da barci. Mafi yawan irin waɗannan mutane, waya ce ke cinye musu shi. Wasu kuwa sukan nemi abin da hannu zai yi cikin natsuwa ba tare da an dami maƙwabci ba, kamar koyon rubutun hannu irin na alarammomi, ko ɗinkin hula, ko zane. Daga nan sai maganar kayan aiki ta taso. A ganina ya kamata irin wannan mutum ya fara da mafi sauƙin kaya, ko da yana da halin sayen masu tsada, kuma dalilin ya wuce tsimi, ya shafi niyya da wadatar zuci.

Mu duba rubutun Alƙur'ani a Kano da Barno. Alƙalamin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubutu da shi tsinken gamba ne ko kara, a feƙe shi da 'yar wuƙa, in ya dakushe a sake feƙewa. Tawadar allo gawayi ne da ƙaro da ruwa. Allon kansa katako ne da ake wankewa a sake rubutu a kai har ya tsufa. Da irin waɗannan kaya aka horar da hannuwan da suka rubuta cikakken Alƙur'ani da ka bisa ruwayar Warshu, irin su Sharu Bala Gabari na Kano, wanda aka buga rubutunsa ya shiga makarantun allo ko'ina. Abin lura shi ne arahar kayan ita ce ta ba ɗalibi damar yin kuskure sau dubu ba tare da fargabar asara ba. Wanda ya sayi takarda mai tsada tun ranar farko yakan ji tsoron ɓata ta, sai ya ajiye, sai hannu ya ƙi faɗawa.

Akwai kuma abin da kaɗaici kan jawo. Saye yana da daɗi nan take, koyo kuwa sai an jure, don haka mai kewa kan ruɗi kansa, ya riƙa tara kaya yana ganin kamar ya fara aiki. Ba shi da mata ko yaya da zai tambaye shi ina amfanin wancan da ya sayo watan jiya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin kan keɓewa daga mutane, ya lissafa fa'idodinta da illolinta, kuma cikin fa'idodin har da kuɓuta daga riya. Wannan fa'ida tana zubewa idan mutum ya sayi kaya don ya ɗauke su hoto ya ɗora a Facebook, domin ya sake shigo da idon jama'a cikin ɗakin da ya rufe.

Za a ce ai araha ba ta ado, kuma addini ya yi umarni da kyautata aiki. Wannan magana tana da nauyi, kuma marubutan dā sun san da ita. Su da ke rubutu da tsinken gamba, su ne ke sayen takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke ƙetaro Sahara da ita daga Tarabulus. Sun kashe kuɗi a kan takarda saboda ita ce za ta rayu bayansu, kuma sun kai gare ta ne bayan shekaru a kan allo. Haka mai ɗinkin hula: allura ba ta da tsada, amma zaren da ke zuba zai lalata masa aikin makonni, don haka a nan ya dace ya ƙara kuɗi. Aikin ne ke nuna inda ya cancanci a kashe, kuma wanda bai fara ba bai san wurin ba tukuna. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu ciyarwa tsaka-tsaki, ba almubazzaranci ba ƙwauro, kuma ƙin sayen zare mai kyau ga wanda hannunsa ya nuna shi ma ƙwauro ne.

Wani kuma zai ce kuɗinsa ne, ba mai jiransa da cefane, wa ya cuta? Shari'a ba ta haramta masa ba, ban kuma ce ta haramta ba. Sai dai da wuya a sami ɗan ci-rani ko ma'aikacin da babu uwa ko ƙanne masu sa ran aikensa a gida, kuma kuɗin akwatin fenti da ba a taɓa buɗewa ba yana iya biyan kuɗin makarantar ɗayansu na zango guda.