Motoci Biyu

'Yan'uwa, bari mu ajiye motoci biyu gefe da gefe, mu duba su.

Ta fari Jaguar E-Type ce, wadda ta fito a Ingila cikin 1961. Doguwar hanci gare ta, cikinta kuwa kusa da ƙasa ya ke. Injinta mai-silinda 6 ne, aka ce ta kan yi mil 150 cikin sa'a guda. An daina ƙera ta tun 1974, amma har wa yau masu-kuɗi suna neman ta, suna ɓoye ta daga ruwan sama. Sa'anda ta fara fitowa, kujera 2 kaɗai ke cikinta.

Ta biyun mun san ta sarai, tsohuwar Toyota Sienna, wadda aka soma ƙerawa a Amurka cikin 1997. Iyalai a can sun kai yara makaranta da ita har ta tsufa, kāna aka sa ta a jirgin ruwa, ta iso tashoshinmu. Mutum 7 ta kan ɗauka, ban da buhun masara. Ba mai-waiwaya domin ya dube ta. Ga abin mamaki kuwa, ita ma silinda 6 gare ta.

Ba mu ce kyau zunubi ne ba. Wanda ya zana Jaguar gwani ne, gwaninta kuwa daga wurin Ubangiji ta ke. Amma kadan mace tana naƙuda da tsakar dare, hanya ta lalace da damina, ga ungozoma da miji za su bi ta, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?

Sa'anda mu ke zaɓen dattawan ekklesiya, idonmu ya kan tafi wurin mai-daɗin baki da babbar riga. Annabi Sama'ila ma ya yi wannan kuskure a gidan Yesse, ya ga tsawon Eliyab ya ce ai shi ne, Ubangiji kuwa ya ƙi shi. Mu kan manta da matan da ta ke share majami'a, da mutumin da ya ke zama wurin marasa-lafiya.

Akwai wani laifi kuma wanda ya fi wannan, namu ne mu duka. Da shi ke tsohuwar mota ba ta ƙin kaya, sai a yi ta ɗora mata, ba mai-duba baƙin mai, ba mai-sauya taya, har ranar da za ta tsaya a daji. Haka mu ke yi da masu-aminci. Mutum ɗaya shi ne ma'aji, shi ne mai-koyarwa ran Lahadi, shi ne mai-kai gawa ƙauye, da man da ya saya da kuɗinsa. Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gaji sarai, ya sa aka zaɓi waɗansu su raba nauyin.

Ran Lahadi mai-zuwa, bayan sujada, bari kowane ɗayanmu ya tambayi mai-motan nan nawa ya kashe a watan jiya.