Daga Alli Zuwa Allura: Ko Allah Yakan Kira Mutum Sau Biyu?



Wata ranar Lahadi bayan Misa ta biyu, sa'ad da jama'a suka watse, wata malamar firamare ta tsaya a ƙofar ofishinmu, mijinta yana bayanta da hula a hannu. Shekarunta 41, 'ya'yanta huɗu, ta kuma yi shekara 17 tana riƙe da alli. Da aka gama gaisuwa sai ta ce, “Fada, ina so in ajiye koyarwa in shiga makarantar koyon aikin jinya. Surukata ta ce rashin godiyar Allah ne. Maigida bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ni abin da nake so in sani shi ne, zunubi ne?” Ta yardar mana mu kawo maganar a wannan shafi muddin ba a ambaci suna ba, gama ba ita kaɗai ce take da wannan tambaya a cikin Ikkilisiyoyinmu ba.

Ga yadda abin ya samo asali. Mahaifiyarta ta kwanta mako biyar a asibiti kafin ta rasu, ita kuwa malamar tana kwana a kan tabarma kusa da gadon. Da dare ma'aikaciyar jinya ɗaya ce take kula da ɗakin mata duka. Kafin mako na uku malamar ta koyi juya tsohuwa domin kada bayanta ya yi gyambo, ta san lokacin da ƙarin ruwa zai ƙare, har masu jinyar gadajen kusa suka fara tashinta in wani abu ya faru. Tun daga nan, in ji ta, zuciyarta ba ta koma aji ba.

Abu na fari da ya kamata mu warware shi ne kalmar nan “kira”, domin mun saba yin amfani da ita ga abubuwan da nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai kiran da muka karɓa a baftisma, wato mu zama na Kristi, wannan ba ya sakewa har kabari. Akwai kuma alkawaran da mutum yakan ɗauka a gaban bagade, na aure ko na firistanci, waɗanda ba a kwance su don an gaji. Sana'a ba ta cikin waɗannan. Babu malamin da ya yi wa'adi a gaban Allah cewa da alli a hannu zai mutu. Elisha yana huɗa da shanu aka kira shi, Bitrus da Andarawas suna kamun kifi, Matiyu yana karɓar haraji, ba kuwa yara ba ne a lokacin. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu, cikin wasiƙarsa ta 1981 a kan aikin ɗan Adam, ya koyar cewa darajar aiki daga mai yin sa take fitowa, mutum ne kuma gaba da aikin. Saboda haka amsar tambayar malamar, in an tsaya a bakin kalmar zunubi, gajeriya ce: sake sana'a ba zunubi ba ne.

Amma da mun sallame ta da wannan kaɗai, da mun cuce ta. Zaɓi tsakanin nagarta da mugunta ba ya bukatar dogon tunani, ƙarfin hali kawai yake bukata. Wanda yake hana mutum barci shi ne zaɓi tsakanin alheri biyu. Katikizim da muka haddace muna yara ya lissafta ayyukan jinƙai goma sha huɗu, bakwai na jiki, bakwai na ruhu. Koyar da wanda bai sani ba yana cikin na ruhu, kula da marasa lafiya yana cikin na jiki. Masu mishan da suka zo ƙasarmu ba su fifita ɗaya ba: inda suka kafa majami'a, makaranta takan biyo baya, ɗakin shan magani kuma ba ya nisa. Asibitocin St. Gerard a Kakuri, St. Louis a Zonkwa da OLA a Jos 'ya'yan wannan tunani ne. Ko harshenmu ma ya haɗa su, gama Bahaushe yakan ce malamar makaranta, yakan kuma ce malamar asibiti.

Wadda labarinta ya fi kusa da wannan ita ce Waliyya Teresa ta Kalkata. Yawancinmu mun san ta tsohuwa mai lanƙwasasshen baya tana ɗaukar masu mutuwa daga bakin titi, mun manta cewa ta yi kusan shekara ashirin tana koyarwa a makarantar 'yan mata ta Sistocin Loreto, har ta zama shugabar makarantar a 1944. A ranar 10 ga Satumba 1946, tana cikin jirgin ƙasa zuwa Darjeeling, ta ji a ranta cewa Ubangiji yana neman ta fita wurin matalauta. Abin lura shi ne abin da ta yi bayan haka. Ta koma ajinta. Ta kai maganar ga firist mai bi da ruhunta, shi kuma ya kai wa Babban Bishop na Kalkata, wanda bai yi hanzarin yarda ba. Kusan shekara biyu tana jira tana koyarwa kafin izini ya zo daga Roma. Ta fita a watan Agusta 1948, tana dab da cika shekara 38, ba ta kuwa nufi unguwar matalauta kai tsaye ba. Sai da ta je Patna ta zauna 'yan watanni wurin sistocin da suke aikin asibiti, ta koyi ba da magani, yin allura da wanke gyambo, gama kyakkyawar niyya ba ta san awon magani ba. Da ta komo Kalkata a Disamba, aikinta na fari shi ne tara yaran unguwar Motijhil tana zana musu haruffa a ƙasa da tsinke. Wadda ta fara bin ta a 1949 tsohuwar ɗalibarta ce. Ashe shekarun nan na aji ba su tafi a banza ba.

Ba ita kaɗai ba ce ta fara a makare. Waliyyi Yohanna na Allah ya yi kiwo, ya yi soja, ya sayar da littattafai, sai da ya haura shekara arba'in ya fara tattara marasa lafiya a birnin Granada na ƙasar Sifen. Shi da Waliyyi Kamilus, wanda shi ma tsohon soja ne, su ne Fafaroma Piyus na Goma Sha Ɗaya ya sanar a 1930 a matsayin majiɓintan ma'aikatan jinya.

Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki da labarin waliyyai. Uwa Teresa ba ta da miji, ba ta da 'ya'ya huɗu masu jiran kuɗin makaranta. Malamarmu tana da su, hakkinsu kuwa ya riga na kowane majinyacin da ba ta taɓa gani ba, domin su ne ta yi alkawari a kansu a gaban bagade. Hanyar kuma ba gajeriya ba ce. Ana neman kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, ita kuwa fannin harsuna ta yi a NCE, ke nan sai ta sake zama jarrabawar sakandare. Bayan haka akwai shekara uku ko huɗu a kwalejin jinya, ko biyar a jami'a, sa'an nan jarrabawar hukumar da take ba ma'aikatan jinya da ungozoma lasisi. A shekarun nan duka albashi ɗaya ne zai riƙe gida, kuɗin makaranta kuma ya ƙaru da na uwar gida. Gemu ba ya hana neman ilimi, gaskiya ne, amma aikin dare da ɗaga babban mutum daga gado ba su san wannan karin magana ba. Don haka shirun da mijin ya yi ya fi damunmu fiye da maganar surukar. Abin da zai taɓa tukunyar gida shekara biyar ba ya zama kiran mutum ɗaya. In Allah ne yake kira, zai kira mijin ma zuwa ga nasa rabon wahalar, dole ne kuwa a ji amsarsa da bakinsa.

Sai batun kuɗi, wanda mutane sukan ji kunyar faɗa a gaban Fada. Ba mu ga abin kunya a ciki ba. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, in ya nemi aikin da zai ciyar da iyalinsa, bai yi laifi ba. Ciyar da iyali farilla ce. Amma a faɗi gaskiyar abin da ake nema. A farkon 2024 magatakardan hukumar nan ta jinya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Kowa ya san cewa da yawa daga masu rububin shiga makarantun jinya yau, Ingila ko Kanada ko Saudiyya suke hange. Ba mu hukunta su ba, wasunsu ma su ne suke biyan kuɗin maganin iyayensu a nan gida. Abin da muke roƙo shi ne kada mutum ya lulluɓe lissafin kuɗi da rigar kiran Allah, domin wanda ya ruɗi kansa a kan dalilinsa ba zai iya auna ko dalilin ya isa ba. Majinyaci kuma yakan gane. Da ƙarfe uku na dare, sa'ad da tsoho ya ɓata shimfiɗa karo na uku, hannun da ya zo gyarawa yakan nuna abin da ya kawo mai shi wannan aiki.

Akwai kuma mai gudu. Waliyyi Ignatiyus na Loyola ya gargaɗi masu neman nufin Allah kada su sake shawarar da suka tsai da tun da fari a lokacin da ransu yake cikin duhu da ƙunci, su jira har hankali ya kwanta. Malamin da ya yi faɗa da hedimasta, ko aka hana shi ƙarin girma, ko wadda take cikin makokin mahaifiyarta, duk suna cikin irin wannan lokaci. Asibiti ma yana da nasa shugabanni masu wuyar hali da nasa albashin da ba ya isa, ma'aikatan jinya na ƙasar nan sun shiga yajin aiki a 2025. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Abin da ya fi yi mana nauyi, mun bar shi sai yanzu, shi ne yara hamsin da 'yan kai na aji huɗu. In ma'aikaciyar jinya ta bar ɗaki, a daren nan za a ji kuka, gari kuma zai sani. In malama ta bar aji, babu wanda zai mutu a ranar. Sai bayan shekara goma a ga saurayin da ba ya iya karanta abin da aka rubuta a kwalbar magani, ba kuwa mai tunawa da ranar da aka bar ajinsa ba malami. Mai jinya takan ji godiya tun kafin ta tashi aiki, malami kuwa sau da yawa yana kabari kafin a gode masa. A nan akwai jaraba mai laushi, wato mutum ya ɗauka aikin da ake ganin amfaninsa nan take shi ne ya fi girma a gaban Allah. Ba haka ba ne. Kowace nas da take asibiti a yau, wani ne ya kama hannunta ya koya mata baƙi da wasali. Mu ma a nan ba mu kuɓuta daga laifi ba. A ranar bikin godiya wa muke zaunarwa a kujerun gaba? Yaushe rabon da wata Ikkilisiya ta tambayi yadda malaman makarantarta suke kai ƙarshen wata? In mun mai da malami abin tausayi, kada mu yi mamaki in ya nemi ƙofa.

Duk da haka ba mu yarda cewa hakkin yaran nan ya zama sarƙa a ƙafar mutum ɗaya har abada ba. Nauyin samar musu malami yana kan hukuma da iyaye da al'umma. Abin da yake kanta shi ne yadda za ta fita: ba a tsakiyar zango ba, ba a ɓoye ba, ba kuma tana karɓar albashin ajin da ba ta shiga ba, kamar yadda wasu suke yi su raba kuɗin da wani a ofis. Wannan na ƙarshe sata ce, ko da wane kyakkyawan karatu aka yi da kuɗin.

Ga abin da muka roƙe ta. Ta ƙarasa shekarar karatu da yaranta. Ta riƙa zuwa ƙaramin asibitinmu kowace Asabar har wata shida, Sista ta ba ta aikin da ba mai so, shara da wankin fo da zama da masu raɗaɗi, ta gani ko zuciyar za ta tsaya bayan zafin makoki ya huce. Ta bincika a ofishin ilimi ko akwai hanyar hutun ƙaro karatu ta halal kafin ta rubuta takardar ajiye aiki. Sa'an nan muka juya wurin mijin muka ce, “Maigida, ba mu ji ta bakinka ba.” Ya daɗe yana murza hularsa. Daga bisani ya ce shi tsoronsa ɗaya ne, babbar 'yarsu za ta gama sakandare baɗi, ba ya so a ce an tsai da karatun 'ya domin na uwa. Matar ta dube shi, ta ce ba ta taɓa sanin abin da yake ransa ke nan ba. Suka fita suna lissafi da yatsu.

Wata shidan sun cika. Sista ta ce ba ta yi fashin Asabar ko ɗaya ba, ta kuma ce mata masu zuwa awon ciki sun fi gane bayanin rigakafi da haɗin ruwan gishiri da sukari in ita ce ta yi musu. Sun shirya da mijin cewa 'yar ce za ta fara shiga makaranta, uwar ta bi bayan shekara guda. Da yamma tana koyon Kemistiri a wurin wata yarinya da ta koyar a aji uku, wadda har yanzu ba ta iya zama sai malamar ta ce ta zauna. Ba mu san ko za ta ci jarrabawar ba. Aji huɗu kuwa har yau ba a sami wanda zai karɓa ba, don haka in akwai mai takardar NCE a cikinmu da yake zaune a gida, ya ga katikis bayan Misa.