Abin Lura: Goran Masunci

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gulbin Sakkwato ta wajen Furfuri da Bunguɗu ya san masunci ba ya faɗawa ruwa da isowarsa. Sai ya ɗaga goransa ya ƙwanƙwasa, yana sauraren amon. Ya bi ɗinkin da mai gyartai ya yi masa da ɗan yatsa, sannan ya danna shi a inda ruwa bai wuce gwiwa ba. In ruwa ya tsattsafo ciki, ranar ba shi ba tsakiyar gulbi. Ya san goran da ya ɗauke shi da rani, lokacin da gulbi ya janye, ba lallai ya jure igiyar ruwan Agusta ba.

Masu nitso a teku da tukunyar iska a baya su ma wannan ƙa'idar suke bi. Tun 1943 da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa a Faransa, kayan suna ta inganta, amma gwaji bai daina zama wajibi ba. Mai nitso yakan ɗora tabaran nitso a fuskarsa, ya ja iska da hanci. In ya manne, ya yi masa daidai, in ya faɗo, ruwa zai shiga. Yakan zuƙi iska daga bututu yana kallon ma'auni, abokin tafiyarsa kuma ya sake duba masa komai.

Kowane ruwa da kayansa. Riga mai kaurin milimita 3 ta isa a ruwa mai ɗumi, mai sanyi kuwa sai mai 7. Ruwan gishiri ya fi na gulbi tallabe jiki, don haka dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu sai an ƙara ta a teku. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne mutum ya ninka na sama, iskar tukunya kuma ta ƙare a rabin lokaci. Wanda ya sayi kaya don kyan gani, a can ƙasa zai gane kurensa, inda babu damar canji.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke sakaci da irin wannan. Mai haƙar rijiya ya sauka da igiyar bara ba tare da ya ja ta ba. Mai haƙar zinariya ya shiga rami bai duba ko akwai iska ba. A cika kwale-kwale maƙil ba rigar kariya ko ɗaya, alhali haɗarin kwale-kwalen Gummi na Satumbar 2024 bai bar zukatanmu ba. Tawakkali ba ya hana duba kaya.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Duk abin da ranka zai rataya a kai, gwada shi tun ƙafarka tana taɓa ƙasa, kuma ka zaɓe shi gwargwadon ruwan da za ka shiga yau.