Alhakin Itacen da Ya Zama Gawayi

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja da hunturu, ya ratsa Jere ta ƙasar Kagarko, ba zai rasa ganin abu biyu ba: buhunan gawayi jibge a bakin titi, da hayaƙi yana turnuƙewa daga daji. Maharbi ya cinna wuta don gafiya, makiyayi don toho, manomin citta don sabuwar gona. Abin tambaya a nan shi ne, a wuyan wa alhakin wannan daji yake?

A da mukan fake da rashin sani. Yanzu wannan mafaka ta rushe. Taurarin ɗan'adam na hukumar NASA ta Amurka kan hango gobarar daji cikin 'yan sa'o'i da tashinta, kuma tun shekarar 2014 shafin Global Forest Watch yake nuna wa duk mai wayar hannu inda itatuwa suka ɓace. Malamin daji a Kafanchan zai iya duba gandun Nimbiya ko kurmin Kagoro ba tare da ya taka ƙasa ba.

Sai dai gani ba ya kashe wuta. Na'ura ta ga jan ɗigo a taswira, amma ba ta san hannun da ya ƙyasta ashana ba, balle yunwar da ta tura shi. Mai unguwa ya san shi, ya san uwarsa. Matan da ke tsintar ƙwarar kaɗanya da kalwa su ne farkon masu asara, kuma tun kaka da kakanni ba a sare kaɗanya ko ɗorawa a gona ba tare da an ji kunya ba. A ganina, in labarin da na'ura ta kawo bai isa kunnen waɗannan mutane ba, har su fito su share gefen daji kafin ciyawa ta bushe, to ya zama hoton gawa kawai.

Amma mai karatu, kada mu gaggauta ɗora wa ƙauye laifi duka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da yawa kan murhun gawayi, har da namu na ma'aikatan jami'a. Mai sara ba ya toya gawayi don kansa. Buhun nan na bakin titin Jere, motar wani daga cikinmu yake jira, kuma in mun tsaya, ciniki muke yi sai an rage mana.