Wa Zai Gode wa Mai Alheri a Ɓoye?

A wata unguwa cikin Jos akwai wani tela wanda shagonsa kan cika da yara da zarar an tashi daga makaranta. Wani ya kawo rigar makaranta da ta yage, a ɗinke masa kyauta. Wata ta zo da aikin lissafi domin babu mai duba mata a gida. Waɗansu kuwa benci kawai suke nema, da babban da zai saurare su. Tun rikicin Satumba 2001, da ya rarraba unguwanni bisa ga addini, telan bai taɓa tambayar yaro inda iyayensa suke sujada ba.

Abokinsa, wanda dattijo ne a ikkilisiya, ya so ya ambaci sunansa gaban jama'a ranar godiyar girbi. Telan ya ƙi, ya kafa hujja da Matiyu sura 6, inda Ubangiji Yesu ya gargaɗi masu ba da sadaka domin mutane su gani. Daga nan tambaya ta taso: shin yabon aboki yakan rage wa mutum ladansa?

Idan an duba nassin da kyau, za a ga gargaɗin yana kan mai bayarwa ne, ba a kan wanda ya gani ba. An hana mutum shelar alherinsa, amma ba a umarci maƙwabta su yi kamar ba su da ido ba. A Luka sura 17 kutare goma aka warkar, ɗaya ne kaɗai ya komo da godiya, shi ma Basamariye, Yesu kuma ya tambayi inda sauran taran suke. Manzo Bulus bai ji nauyin yabon Onisifaras da suna ba cikin wasiƙarsa ta biyu ga Timoti. Labarin Tabita ta Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9, ya fi sosa rai: gwauraye sun nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka, amma a lokacin gawarta tana kwance a bene. Haka al'adarmu take har yau; mafi yawan yabo a bakin kabari ake yinsa, inda mai shi ba ya ji.

Duk da haka telan yana da gaskiya ta wani gefe da bai ma faɗa ba. In aka tsaya a majami'a aka ce yana ciyar da yara yana ɗinke musu tsumma, kowa ya san 'ya'yan wane ne, uwayensu kuma suna zaune cikin Zumuntar Mata suna ji. Yabon mutum ɗaya zai zama tonon asirin gidaje da yawa. Yaron da ya saba shiga shagon da sakin jiki zai fara jin kunya, wataƙila ma a hana shi zuwa.

Dattijon ya janye maganar sanarwa. Wata ranar Asabar da yamma ya je shagon, ya zauna, ya gaya wa abokinsa baki da baki abin da ya daɗe yana gani, har ya ambaci yaran da suka ci jarrabawa ta dalilinsa. Telan bai amsa ba, ya ci gaba da taka keke. Mako na gaba kafinta ya kawo benci na biyu, dattijon kuma ya ɗauki ranar Talata domin koya wa yaran karatu.